Majinyacin Aro

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi ya san Ba Laminu dillali, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shekara ashirin da bakwai yana tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne, ba a taɓa dawo masa da saniya an ce ya yi rufa-rufa ba. Kakansa ne ya zo da wannan sana'a daga Barno. Idan Ba Laminu ya zagaya sa sau ɗaya, ya buɗe masa baki, ya matsa ƙugunsa, ya dubi kashinsa, zai faɗa maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Wannan ido shi ya ciyar da gidansa, shi kuma ya sa masa wani ciwo da ba ya jin magani, domin ya ɗauka duk abin da ke duniya haka ake duba shi.

'Yarsa Afrah tun tana 'yar shekara tara take cewa nas za ta zama. Awakin gidan sun sha ɗauri da tsumma a ƙafa ba su ji ciwon komai ba. Da ta gama sakandare ta zauna jarrabawar Jamb, ta ci maki mai kyau, har shugaban makarantarsu ya aiko a yi wa mahaifinta barka. Abin da ya rage shi ne zaɓen jami'ar da za ta yi digirin jinya, shekara biyar cur. Ba Laminu ya ce wannan ciniki ne babba, shi zai yi shi da kansa.

Wata Laraba bayan la'asar Afrah ta shimfiɗa masa takardu uku a kan tabarmar zaure. Ta fari ta wata tsohuwar jami'ar gwamnati ce, tafiyar yini guda a mota, mai babban asibitin koyarwa. Ita ce Afrah ta cike tun farko, amma masu nema sun yi yawa, kuma sunaye ba su fito ba tukuna. Ta biyu ta mishan ce a can wata jiha, wadda ake yabon tarbiyyarta, sai dai mahaifiyar Afrah, Ya Amna, ta leƙo daga tsakar gida ta ce ba mai kai mata 'ya garin da ba su da ko ɗan uwa ɗaya da zai leƙa ta ranar da zazzaɓi ya kama ta. Aka ture wannan gefe. Ta ukun sabuwa ce fil, ta wani attajiri, Jami'ar Bakin Mayo, rabin awa daga gida in ka bi ta Kolere. Takardarta mai sheƙi ce, da hoton 'yan mata cikin fararen kaya suna murmushi, haƙora reras.

Ba Laminu ya jujjuya takardun ya ce, "Duk shekara biyar ne, duk digiri ne. To mene ne bambancin?"

Afrah ta ce, "Baba, mu tambayi Sista Hannah."

Sista Hannah maƙwabciyarsu ce, mutuniyar Vimtim, ta yi shekara talatin da biyar tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Ba ta iya kwana-kwana ba. Ta zo da tabarau a hanci, ta karanta takardun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan mai sheƙin, sannan ta ajiye.

Ta ce, "Ba Laminu, yarinyan ka yana da kai, kada ka jefa shi a rami. Digiri daban, lasisi daban. Jami'a yana ba da digiri, amma Majalisan masu jinya ne yana ba da lasisi, kuma ba ya ba wa ɗalibin makaranta da bai amince da shi ba. In babu lasisi, ko allura ɗaya yarinyan nan ya yi, laifi ne. Abu biyu za ka duba. Takardan amincewa na Majalisa, ka gani da idon ka. Na biyu, ka shiga asibitin su ka ƙirga marasa lafiya."

"Ƙirga kuma? Ai ƙirga aikina ne, Sista."

"To ka ƙirga da kyau," in ji ta, ta tashi ta tafi.

Gani ya kori ji. Ranar Asabar Ba Laminu ya shiga mota ya tafi ganin ta gwamnatin. Abin da ya gani kuwa ya tayar masa da hankali. Tun daga bakin ƙofa wari ya tarye shi, na magani da na mutane. Gadaje sun cika, wasu majinyata na kwance a baranda a kan tabarmi, ledar ƙarin ruwa na rataye a ƙusa. Ɗalibai na gudu da kwanon allura, wata babbar nas na yi musu tsawa kamar ta kama su da sata. Ya ga wata yarinya sa'ar Afrah ta jingina da bango tana cin gyaɗa a tsaye, da ɗigon jini a takalminta, idanunta sun faɗa don gajiya. Ya tambayi takardar Majalisa, wani magatakarda ya nuna masa ita a bango cikin gilashi ba tare da ya ɗago kai ba. Takardar ta tsufa har ta yi ja.

A mota yana dawowa yana ta magana shi kaɗai. Garken da rabinsa ke kwance, wa zai kira shi garke? A kasuwa, in ka shiga turken mutum ka tarar da shanu uku a ƙasa, ba ka tsayawa tambayar farashi, sai ka kaɗe riga ka yi gaba. Haka ya auna asibitin, kuma ya ji a ransa ya auna daidai.

Ranar Litinin ya hau acaɓa ya tafi Bakin Mayo. Nan fa ido ya sha kallo. Gini fari tas, tayil kamar ka lasa, fanka na juyawa a kowane ɗaki. Wanda ya tarye shi Alkasim ne, jami'in ɗaukar ɗalibai, kuma da suka gaisa sai ga shi jikan mutumin garin kakansa ne. Alkasim ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe shi da Barbarci, ya karɓe masa jaka. Ya zagaya da shi ɗakin gwaji inda wani mutum-mutumin roba ke kwance da baki buɗe, sannan ya kai shi asibitin. Gado arba'in a ɓangaren maza, arba'in a na mata, kowanne da sabuwar katifa. Ba Laminu ya ƙirga majinyata kamar yadda aka ce masa. Bai samu ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ina marasa lafiyar?"

Alkasim ya yi dariya. "Ba Laminu, ai mu nan ba ma barin mutum ya kwana da ciwo. A duba shi, a ba shi magani, ya koma gida."

Maganar ta yi wa dillali daɗi, domin ta zo daidai da ma'auninsa. Turke mai tsabta, ba dabba ko ɗaya a ƙasa. Gaskiya ne ya lura ledar kanti ba a cire ta daga katifun ba. Ya kuma ga zanzaro ya yi gini a bakin famfon wanke hannu, ginin har ya bushe. Wani abu ya ɗan motsa masa a ciki, irin wanda yake ji idan an kawo saniya da ƙiba fiye da ƙafafunta. Amma Alkasim na ta zuba, fanka na kaɗawa, sai ya bar abin ya kwanta.

"Takardar Majalisa fa?"

"Tana hanya. Sun ma sa ranar zuwa dubawa. Wannan ai cika ƙa'ida ne kawai. Ni zan cuce ka, Ba Laminu? Kakana da kakanka rijiya ɗaya suka sha."

Ba Laminu ya miƙa hannu, Alkasim ya kama, suka tafa. A wurinsa an gama ke nan. A kasuwa idan dillali ya ce ya sallama, ko sama za ta haɗu da ƙasa ba ya janyewa, kuma da wannan ya yi suna.

Washegari ya tasa Afrah a gaba zuwa shagon kwamfuta. Aka canja mata zaɓi zuwa Bakin Mayo, kwana biyu suna ya fito. Da suka koma, mai shagon ya yi musu bayani dalla-dalla cewa da zarar ta danna ta karɓa, sauran jami'o'i ba za su ƙara ganin sunanta ba a bana. Afrah ta ɗora yatsa, ta janye.

Ta ce, "Baba, mu jira ko sati biyu ne. Sista ta ce mu ga takardar da ido."

"Na ga gini da ido. Na ga mutum da ido. Na kuma ba da hannu. So kike a ce Laminu ya yi magana biyu?"

Ta danna. Bayan kwana tara sunayen jami'ar gwamnati suka fito, aka ɗauki wata ƙawarta da Afrah ta fi ta maki. Afrah ta je ta yi mata barka ta dawo. Sista Hannah kuwa tun daga ranar ta rage gaisuwa, in sun haɗu a ƙofa sai ta ce ina kwana ta wuce.

Sati uku da fara karatu, wata ranar Lahadi da hantsi, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya bai zuba ba, sai ga Alkasim a zaure. Ya daɗe yana gaisuwa. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya ɗaya. Dillali ya san idan gaisuwa ta yi tsawo kaya na da aibi, sai ya ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi.

Alkasim ya rage murya. Mutanen Majalisa za su zo ranar Alhamis. Za su duba malamai, an samo. Za su duba kayan aiki, an aro daga wurare. Likitoci ma an yi magana da guda huɗu za su zo su yini. Abin da ya rage majinyata ne, domin in suka tarar da gadaje wayam ba za su sa hannu ba.

"To ni me zan yi? In kawo muku shanu?"

"Kwanciya kawai za ka yi, Ba Laminu. Awa uku. Mun samu mutane daga tasha da ƙauyuka, amma muna son dattawa masu kamala, waɗanda in an tambaye su ba za su yi shirme ba. Iyayen ɗalibai da yawa sun yarda."

Ba Laminu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya miƙe tsaye. Ya ce shi da bai taɓa shafa wa saniya mai don ta yi sheƙi ba, shi za a kwantar a yi tallan ƙarya da shi? Alkasim bai yi gardama ba. Ya bari ya gama, sannan ya ce a hankali, in ba a sa hannu ba za a rufe sashen jinya, kuma duk ɗalibin da ke ciki ya yi asarar shekara, sai ya sake jarrabawa baɗi, in ya sake cin makin. Ya ce shi ba don kansa yake roƙo ba, don Afrah ne.

Da ya tafi, Ba Laminu ya zauna yana kallon hadarin. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai saba da shi ba. Ya gane an yi masa abin da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma da hannunsa ya tafa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Da Afrah ta kawo masa abinci ya tambaye ta ko ta san da maganar. Ta ce an raba musu fararen kaya tun Juma'a, an ce in an tambaye su su ce suna aji uku.

"Me aka koya muku zuwa yanzu?"

"Sunayen ƙasusuwa, Baba."

Bai ci abincin ba. Ranar Alhamis da safe ya sa tsohuwar riga, ya gaya wa Ya Amna zai je duba wasu shanu a Betso. Ƙaryarsa ta farko ke nan a ranar, kuma ta fita da sauƙin da ya ba shi kunya.

An kwana ana ruwa, hanyar Kolere ta caɓe, ɗan acaɓa ya sauke shi sau biyu ya taka da ƙafa. Da ya isa, asibitin ya canja kamar ba shi ba. An cire ledojin katifu, an shimfiɗa zannuwa, an yayyafa maganin wanke ƙasa don wuri ya yi warin asibiti. Mutane sun yi layi ana rubuta musu ciwo. Wata mata da aka ce ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta dubi Ba Laminu sama da ƙasa ta ce, "Taifot." Aka kai shi gado na bakwai. Aka rataya ledar ƙarin ruwa, aka manna masa bakin robar a bayan hannu da filasta, ba allura. Ruwan na ɗiga a hankali yana bin tsintsiyar hannunsa zuwa wani tsumma da aka cusa ƙarƙashin zani. Sanyinsa ya dame shi fiye da yadda ya zata.

A gado na shida Sali mai shayi ne na bakin tasha, wanda Ba Laminu ya sha shayinsa ranar Talata. An naɗe masa kai da bandeji. Tun baƙi ba su iso ba ya fara nishi yana kiran sunan uwarsa, har shugabar ta zo ta ce ya rage, ba haihuwa yake ba. Mutane suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba Laminu bai yi ba.

Alkasim ya kawo Afrah da kansa ya tsayar da ita tsakanin gado na bakwai da na takwas, wai don ta samu natsuwa kusa da mahaifinta. Farar rigar ta yi mata yawa a kafaɗa, an rataya mata abin sauraron ƙirji a wuya. Ya tara ɗaliban ya ba su umarni ɗaya: duk abin da majinyaci ya faɗa, a ce masa sannu, a rubuta a takarda, kada a taɓa komai. Afrah ba ta yarda ta haɗa ido da mahaifinta ba, shi ma bai nema ba.

A gado na takwas wani tsoho ne siriri, manomi daga Betso, sunansa Seth. Matarsa Rut na zaune a ƙasa kusa da shi da ƙullin kaya. Ba Laminu ya ji tana gaya wa wani cewa a coci aka ce musu yau manyan likitoci za su zo, kuma duk wanda ya kwanta ba za a karɓi komai a hannunsa ba, shi ya sa suka ɗauro shi a babur tun asuba, cikin ruwa. Masu rubuta ciwo ba su tambaye ta komai ba. Sun ga tsoho ya dace da gado, suka rubuta masa maleriya, suka manna masa roba irin ta kowa.

Wajen ƙarfe goma aka ji motoci. Aka ce baƙi sun shiga ɗakin taro da likitocin nan huɗu, za a fara da jawabai. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ruwa ya sake tsinkewa a waje, wuri ya yi duhu, aka kunna fitilu.

Rut ta taso ta taɓa hannun Afrah. "Nas, numfashin shi ya canja."

Afrah ta ce, "Sannu, Mama." Ta rubuta a takarda.

Ba Laminu ya ji, amma ya ɗauka tsohuwar ma an koya mata abin faɗa. Ya rufe ido yana ƙirga ɗigon ruwan da ke bin hannunsa, yana roƙon Allah a gama ya tafi gida. An kusa awa guda a haka. Sai kunnensa ya fara kama wani sauti daga gado na takwas, wani gurgur daga can cikin ƙirji, ya ja ya tsaya, ya daɗe, ya sake ja. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya san wannan numfashin. Ya sha jin sa a bayan tirela idan an sauke shanun da suka kwana uku a hanya, kuma duk wanda ya yi shi, wuƙa ake nema da sauri. Ba wanda ya iya kwaikwayonsa, ko Sali.

Ya juya kai. Leɓen tsohon ya yi toka-toka, yatsunsa na kama zani suna saki. Shugabar ma'aikatan ta wuce ta gefensa, ta dube shi, ta ce da wata ɗaliba cikin raɗa, "Wannan baban ya fi kowa iyawa."

A daidai lokacin baƙin suka shigo, mutum biyar, Alkasim na gaba yana nuna hanya. Mai jagorantarsu wata dattijuwa ce gajera, da fayil a ƙirji. Suka fara daga gado na ɗaya, tana tambaya, tana rubutu, ba ta sauri. Ba Laminu ya auna nisan da ido. Kafin su iso na takwas sai an ɗauki minti ashirin ko fiye. Ya dubi Afrah. Ta ƙanƙame takardarta tana kallon baƙin, leɓenta na motsi, tana maimaita amsoshin da aka ba ta. In ya yi shiru, wataƙila su wuce, wataƙila a sa hannu, yarinyar ta ci gaba da karatunta. Ya yi shiru har suka gama gado na biyu. Wannan shirun bai taɓa yafe wa kansa shi ba.

Tsohon ya ja numfashi, bai sake ba.

Ba Laminu ya diro daga gado. Robar ta fizge daga hannunsa, filasta na reto, ba jini ko ɗigo. Ya ɗaga muryar nan da ake ji daga wannan ƙarshen kasuwa zuwa wancan.

"Jama'a, wannan ba na aro ba ne! Wannan da gaske yake! Mutuwa zai yi!"

Ɗakin ya ruɗe. Rut ta fasa kuka, ta cafke rigar Afrah da hannu biyu tana jijjiga ta. "Nas, ki taimake ni! Ki yi mishi wani abu!" Afrah ta sa abin sauraron a kunne, ta ɗora a ƙirjin tsohon, sannan ta juyo ta dubi mahaifinta kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa.

"Baba, ban san abin da zan yi ba."

Dattijuwar ta jefar da fayil, ta ture kowa, ta hau danna ƙirjin tsohon da hannu biyu tana ƙirgawa. Ta ce a kawo iskar numfashi. Aka gangaro da tukunyar iskar mai sabon fenti, aka murɗa, ba komai a ciki. Ta ce a kawo allura kaza. Shugabar ma'aikatan ta buɗe kabad, kwalaye ne jere reras, ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki na biyu, duk wayam. Aka ruga kiran likitoci, ɗaya ya zo da kofin shayi a hannu, ya duba ya ce a nan ba abin da za a iya, a kai shi asibitin cikin gari. Sali mai shayi, da bandejinsa a kai, shi da Ba Laminu suka ɗauki tsohon suka sa a motar baƙin, Rut ta shiga tana kiran sunansa. Motar ta fita cikin ruwa tana zamewa.

Da suka dawo ciki, rabin gadajen sun zama wayam, majinyata sun tattara takalmansu sun bi ta baya. Alkasim ma ba a gan shi ba. Dattijuwar ta ɗauki fayil ɗinta daga ƙasa, ta bi sauran gadajen tana ɗaga filasta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Afrah ta tsaya.

"Ajinki nawa?"

Afrah ta ce, "Sati uku na yi."

Matar ta karɓi takardar da ke hannunta ta karanta. Rubutun Afrah mai kyau ne, kuma ta sa lokaci kamar yadda aka ce: ƙarfe goma da minti goma, matar majinyaci ta ce numfashinsa ya canja. Matar ta dubi agogo, sha ɗaya ta wuce. Ta sa takardar a fayil, ta dubi Ba Laminu da jiƙaƙƙen hannun rigarsa ta ce, "Kai kuma mene naka a nan, Baba?"

Ya ce, "Ni ne mahaifinta."

Ta juya ta wuce. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Kafin azahar direban motar baƙin ya dawo ya ce tsohon ya cika tun ba su haye gada ba. Kafin la'asar aka tara ɗalibai aka ce kowa ya mayar da farar riga ya koma gida sai an neme shi. Kowa ya san ba za a neme shi ba.

Uba da 'ya suka taka da ƙafa har bakin kwalta, domin ba ɗan acaɓan da ya yarda ya shiga taɓon. Ba Laminu na gaba, yana ta shirya magana a ransa. Da suka kusa titi ya tsaya ya juyo. Ya ce laifin nasa ne, shi ya zaɓa, shi ya hana ta jira, kuma zai faɗa a gaban uwarta da gaban Sista Hannah. Ya ce shekara ɗaya ba komai ba ce, baɗi za ta sake zama, kuma duk inda ta nuna can zai kai ta, ba zai sa baki ba. Bai taɓa ba wa ɗan cikinsa haƙuri ba sai ranar.

Afrah ta saurare shi har ya gama. Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi ba shi tsoro.

Ta ce, "Baba, matar nan ta gaya mini. Ta taɓa hannuna ta gaya mini. Na ce mata sannu."

"Ba ki sani ba, 'yata. Ba a koya miki ba."

"Ita ba ta san ba a koya mini ba. Rigar ta gani." Ta goge taɓon da ke ƙafarta a jikin ciyawa. "Kada ka sake saya mini fom, Baba. Ba na so."

Suka tsaya a bakin titi. Wani keke mai ƙafa uku ya tsaya, Afrah ta shiga ta matsa can ƙurya ta bar masa wuri. Har suka isa gida ba ta dube shi ba.